Filin Kokawa a Ƙasar Nijar: Daga Masussuka Zuwa Ginin Siminti

Yaranmu na yanzu, in aka ce musu filin kokawa, abin da yakan zo musu a rai shi ne dakalin nan na Amurka da suke gani a talabijin, mai ginshiƙai huɗu da igiyoyi uku a kewaye, da katako a ƙasa an rufe shi da katifa da tamfol. Har akan sami waɗansu su kafa turaku a bayan gida, su ɗaura igiyar shanya, su jera tsofaffin katifu, suna dirowa a kan juna. Ba su sani ba cewa masu wancan wasa sun daɗe suna koyon yadda ake faɗuwa, kuma tun kafin a hau dakalin an riga an shirya wanda zai ci.

Ƙasar Hausa kuwa tana da nata filin tun kaka da kakanni, wanda ba ya bukatar ƙarfe ko ƙusa. Mutanen gari ne suke gyara shi da hannunsu. Babu inda aka riƙe shi da daraja kamar maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, inda suke cewa kokowa, inda kuma ita ce sarauniyar wasanni, gaba da ƙwallon ƙafa. Tarihin wannan fili ya isa a ba da shi, gama ya nuna yadda abin da talakawa suka gina da rairayi ya zama abin da ya haɗa ƙasa guda.

Kaka da masussuka

Kokawa 'yar kaka ce. Da damina ba mai lokacinta, gama kowane saurayi yana gona daga safe har yamma, rumbu kuma ya kusa ƙarewa. Sai an yanke gero, an ɗaure dammuna, an kai gida, ciki ya cika, sa'an nan ƙarfi yakan nemi inda zai fita. A ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, da Adar ta wajen Tawa, da Gobir da Katsinar Maraɗi, da Damagaram, haka abin yake. Zabarmawa ma da Barebari suna da tasu.

Saboda haka filin farko ba gini ba ne. Wuri ne da aikin gona ya riga ya share. Wani lokaci masussuka ce ta bakin gari, wani lokaci dandalin da 'yan mata suke gaɗa, wani lokaci kuwa ƙofar gidan mai gari. A ƙauyukan da suke bakin gulbi, kamar na Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba, ko cikin Dallol Mauri, in ruwa ya janye yakan bar shimfiɗar rairayi mai laushi, wadda ba ta bukatar gyara mai yawa. Ƙasar Nijar ta kudu yawancinta jigawa ce. Da a ce ƙasar marmara ce ko ta tsakuwa, da wuya wasan da ake ɗaga ƙato a buga shi da ƙasa ya yi irin wannan yaɗuwa.

Yadda ake gyara fili

Ko da yake rairayi yana ko'ina, ba kowane rairayi ake kokawa a kansa ba. Aikin gyara fili na samari ne, a ƙarƙashin sarkin samari, irin yadda ake gayya a gona. Tsarin ya bambanta daga gari zuwa gari, amma matakan kusan ɗaya ne.

Da fari ana neman wuri mai daidai, wanda ba gangare, gama a gangare wanda yake sama ya riga ya ci rabin kokawa. Sa'an nan a bi shi da fartanya a tumɓuke kututturan kara. Wannan shi ne aiki mafi muhimmanci, domin kututturen gero da aka sare ya bushe yana da tsini kamar mashi, ya isa ya huda tafin ƙafa ko haƙarƙari. Bayan haka yara su shiga da tsintsiya da hannu, suna tsince ƙarangiya da tsidau da ƙayar aduwa, da sakaina da tsingaro da ƙashi. In ƙasar ta yi tauri, a kafce ta, a farfasa hoge. In rairayin wurin bai isa ba, a ɗora wa jakuna mangala a nufi ƙorama, mata da 'yan mata kuma su bi da ƙorai da kwanduna. Akan zuba shi da kauri, yadda mutum zai faɗi bai ji ƙasa ba, amma ba har ƙafa ta nutse ba, gama rairayi mai zurfi yana gajiyar da ɗan kokawa, yana kuma gurɗe idon sawu. Gab da a fara, akan yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta.

Shata da'ira ba ta da wuya ga mutanen da suke gina ɗakin kago. A kafa turke a tsakiya, a ɗaura masa igiya, a ɗaura tsinke a ɗaya bakin, mutum ya zaga yana ja a ƙasa. Yadda ake fitar da harsashin ɗaki ko na rumbu ke nan. A wurare da yawa ma ba a shata kome. 'Yan kallo su ne katanga. Yara suna zaune a gaba, manya suna tsaye a baya, wani kuma yana zagawa da tsumagiya yana mai da waɗanda suka matso. In wasan dare ne, farin wata shi ne fitila, a ƙara da wutar kara a gefe, wadda makaɗa suke gasa fatar ganga a jikinta in sanyin hunturu ya sa ta saki.

Mai karatu zai lura cewa a cikin dukan wannan ba abin da aka saya da kuɗi. Amma ba mutum ɗaya da zai iya yinsa shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Garin da ba shi da jituwa ba ya iya gyara fili, garin da ba shi da fili kuwa ba ya iya gayyatar baƙi.

Dokar cikin da'ira

Amfanin da'irar ya wuce kare jiki daga ƙaya. Ita ce take raba kokawa da faɗa. A wajenta, in saurayi ya kama wani ya kayar, sai a kai magana gaban mai gari. A cikinta kuwa, in ya kayar, sai a yi masa guɗa. Abin da ya bambanta su shi ne dokokin da kowa ya yarda da su tun kafin ya tsoma ƙafa.

Ana shiga da hannu wofi, da walki a gindi. Ba naushi, ba cizo, ba tsone ido. Wanda bayansa ko ɗuwawunsa ya taɓa ƙasa ya faɗi, magana ta ƙare. Ana haɗa tsara da tsara. Ƙanana sukan fara, sa'an nan matasa, manyan 'yan kokawa su rufe. Ɗan kokawa yakan fito tsakiya ya yi kirari, ya ambaci garinsu da iyayen gidansa da waɗanda ya kayar, makaɗa suna amsa masa. Tsofaffin 'yan kokawa su ne alƙalai, su ne kuma masu shiga tsakani in rai ya ɓaci. Wanda ya kayar yakan miƙa wa ɗan'uwansa hannu ya tashe shi. Baƙin da suka zo daga wani gari, ko sun ci ko an ci su, a gidajen masu masauki za su sha fura su kwana. Baɗi kuma masu masaukin za su rama ziyara.

Ta haka fili ya zama wurin da ƙauyuka suke gwada ƙarfi ba tare da zubar da jini ba. Ɗan sarki da ɗan talaka, in sun tuɓe, rairayi bai san bambancinsu ba. Aure da yawa daga bakin fili ya samo asali, abota da yawa kuma daga kaye ta fara. Sa'ad da Ingila da Faransa suka raba ƙasar Hausa, aka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908, iyakar ta ratsa gonaki da dangi, amma 'yan kokawar Maraɗi da na Katsina, da na Ƙonni da na Sakkwato, da na Damagaram da na Daura ba su daina zuwa filayen juna ba.

Zana da ƙofa

Canji na farko kuɗi ne ya kawo shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, daga baya gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ma ta riƙa bin wannan hanya zuwa teku. Turawa suna karɓar haraji da tsabar kuɗi, manoma kuma suna samun kuɗi a hannu bayan kaka. Garuruwan kasuwa suka cika da baƙi 'yan cin rani, waɗanda ba su da dandalin kansu amma suna so su yi kallo.

A irin waɗannan garuruwa ne fili ya sami katanga. Mai shirya wasa yakan kafa dirkoki, ya kewaye wurin da zanar gamba ko dannin kara, ya bar ƙofa ɗaya, ya sa mutum a bakinta yana karɓar kuɗi. Akan kafa rumfa domin hakimi da attajirai. Daga abin da aka tara ake sallamar makaɗa da 'yan kokawa. Wanda ya san gidajen dambe na garuruwanmu ya san wannan tsari, ko da yake yanzu kwano ya maye gurbin zana a wurare da yawa.

Zanar nan ta kawo alheri, ta kuma kawo hasara. Alherinta shi ne ɗan kokawa ya iya cin abinci da ƙarfinsa, sunansa ya wuce ƙauyensu, ya riƙa yawo daga kasuwa zuwa kasuwa. Hasararta kuwa, a karo na farko aka sami mutumin da yake waje yana jin ganga, ba shi da halin shiga. Yara suka koyi leƙe ta hujin zana da hawan itatuwa.

Shekarar 1975

Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, a ƙarƙashin Diori Hamani. Daga wajen 1968 zuwa 1974 fari mai tsanani ya auka wa ƙasashen Sahel. Dabbobi suka mutu, gyaɗa ta lalace, mutane suka bar ƙauyuka. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki, Seini Kunce ya zama shugaba. Ya tarar da ƙasa mai faɗi ƙwarai, mai harsuna da yawa, Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da harshen Buzaye, mutanenta kuma a jigace. Jam'iyyun siyasa an rufe su. Sai gwamnatinsa ta koma ga tsohuwar ƙungiyar samari ta ƙauye, ta farfaɗo da ita a ko'ina da sunan Samariya. 'Yan Samariya suka riƙa aikin gayya, suna gina azuzuwan makaranta, suna share gari, suna dasa itatuwa, suna shirya wasanni.

A cikin wannan hali aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a garin Tawa, a 1975. Kowace jiha ta aiko da gwanayenta. Yakuba Kantu na Maraɗi ya kayar da maza ya zama zakara na farko. Abin da ake fafutuka a kansa shi ne takobi, alamar sarauta, shi ya sa har yau ake ce mata kokawar takobi. Wanda ya ci akan naɗa masa rawani, a sa masa babbar riga, a ba shi doki da kayansa, da kuɗi.

Hikimar da aka yi ita ce ba a ajiye gasar a Yamai ba. Aka sa ta tana zagayawa, bana a wannan jiha, baɗi a waccan. A lokacin jihohi 7 ne. Daga baya, da aka raba Tilaberi da birnin Yamai, suka zama 8, watau Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace tana kawo 'yan kokawa 10, su zama 80. Tun da yake kowane babban gari zai karɓi baƙi in layi ya zo kansa, dole kowanne ya sami filin da zai ɗauki dubban mutane. Daga nan ne ginin siminti ya shigo tarihin kokawa.

Gidan rediyon Muryar Sahel ya kai labarin kowane kaye har rugar da ba ta taɓa ganin mota ba, daga baya talabijin ya biyo. Sunayen Kantu, da Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da Langa-Langa na Damagaram suka shiga kowane gida, har a wannan ɓangare na iyaka. Mawaƙa irin su Sagalo suka yi suna da wasa 'yan kokawa. 'Yan cali-cali kuma, masu kwaikwayon 'yan kokawa don ba da dariya, suka sami wurinsu a cikin fili.

Siminti a kewaye, rairayi a tsakiya

Yau manyan garuruwan Nijar suna da filayen kokawa ginannu. Gini ne mai zagaye, da matakalan zama hawa hawa, da rumfar manyan baƙi, da ƙofofi, da fitilun lantarki. An kuma sa wa waɗansunsu sunayen mazan jiya. Na Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Doso da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram da sunan Langa-Langa, na Tawa da sunan Hamidin Mai Dare. An rubuta dokoki, an sa alƙalai masu usur, an ƙayyade lokaci, ana gargaɗin wanda yake gudun kamu. A watan Disamba 2005, sa'ad da Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, kokawar gargajiya tana cikin abin da aka yi. A Senegal ma, inda babbar kokawarsu take haɗe da naushi, an buɗe katafaren fili a Pikin, kusa da Dakar, a 2018, mai ɗaukar mutum wajen 20,000.

Amma duk wanda ya dubi tsakiyar filin Maraɗi ko na Doso, abin da zai gani shi ne abin da kakanninsa suka sani. Rairayi ne a shimfiɗe, an yi masa da'ira mai faɗin kimanin mita 20, an jera buhuna cike da yashi a bakinta. Da'ira mai wannan faɗi, kewayenta ya kai mita 63, watau buhu fiye da 100 in an jera su kai da kai. Har yanzu da hannu ake cika su, da hannu ake ɗinke bakinsu. Har yanzu mutane sukan shiga tsakanin kokawa da kokawa su baje rairayi, su yayyafa ruwa. Buhun yashi ya gaji layin yaran da suke zama a gaba. Yana nuna iyaka, amma in mutum ya faɗa a kansa ba ya karya shi kamar bulo. Injiniyoyi sun gina wa 'yan kallo wurin zama, sun bar wa 'yan kokawa abin da suka tarar, gama ba su sami abin da ya fi shi ba.

Gasar ba ta tafi sumul ba. Wadda aka yi a Agadas a ƙarshen 2023 ita ce ta 44, alhali da ana yi kowace shekara tun 1975 da ta zama ta 49. Akwai shekarun da hali bai bari an yi ba. Duk da haka, gwamnatocin soja da na farar hula sun zo sun wuce, ba wadda ta yar da takobin. A Agadas ɗin ne Kadiri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauke shi karo na 6. A ƙarshen 2024 kuwa, a garin Doso, takobin ya koma hannun Abba Ibrahim na Yamai. Makashin maza, in ji Hausawa, maza kan kashe shi.

Abin da yake neman ɓacewa

Ba wanda ya koyi kokawa a filin siminti. Mutum 80 ɗin nan da ake gani a talabijin, an tace su ne daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jiha. Kowannensu ya fara shan ƙasa ne a wani dandali da yayyensa suka share. Babban fili reshe ne, ƙaramin fili shi ne saiwa.

Saiwar kuwa tana cikin matsi, a Nijar da Nijeriya duka. Garuruwa suna girma, dandalin jiya ya zama fuloti, an sayar, an gina shago. Gonaki sun ƙaranta har ana noma bakin gari. Da an gama girbi samari sukan kama hanyar cin rani, zuwa Legas ko Abijan, ko Aljeriya da Libiya, ko wuraren haƙar zinariya, ba wanda ya rage da zai ɗauki fartanya domin fili. A yankunan iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina, Zamfara da Sakkwato, 'yan bindiga sun sa taron dare ya zama abin tsoro. An rufe iyakar ƙasashen biyu a 2019, aka sake rufe ta a 2023, ko da yake an buɗe daga baya. Kowace rufewa takan yanke ziyarar da aka gada. Yaro kuma yana da waya a hannu, yana iya kallon kokawar duniya duka ba tare da ya taɓa kama kafaɗar tsaransa ba.

In ƙaramin fili ya mutu, ba zakaru kaɗai za a rasa ba. Za a rasa wurin da saurayi yake koyon faɗuwa a gaban jama'a ya tashi ya kakkaɓe jiki ba tare da ya ɗauko wuƙa ba. Za a rasa wurin da mai ƙarfi yake koyon tsayawa in dattijo ya ce ya isa. Za a rasa ɗaya daga cikin 'yan wuraren da mutanen gari suke zama kafaɗa da kafaɗa, ba a tambayi kowa addininsa ko yarensa ba. Ƙarfin samari ba ya ɓacewa don an rufe masa fili. Wata ƙofa yakan nema, mun kuwa ga irin ƙofofin da yake samu a zamanin nan.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Igiya mai tsawon mita 5 da turke ɗaya sun isa su fitar da da'ira mai faɗin mita 10, wadda ta ishi yaran unguwa. Kewayenta mita 31 ne, tsofaffin buhunan taki ko na hatsi wajen 50 za su rufe shi. Sauran aikin shi ne na tun dā, a tumɓuke kututture, a tsince ƙaya da gilashi, a kawo rairayi, a yayyafa ruwa, a sami dattijo ɗaya da ya san kamu ya zauna a bakin fili ya haɗa tsara da tsara. Abin da ya fi wuya shi ne masu gari da masu unguwa su yarda su keɓe wurin, su hana a sayar da shi.

Mutanen Nijar sun ɗauki abin da samari suke yi bayan girbi, suka gina masa gida a kowace jiha, suka sa wa gidajen sunayen 'ya'yan manoma. Iyayen yaran da suke ɗaura igiyar shanya a bayan gida suna iya nuna musu wannan tarihi, su kwance igiyar daga turakun nan huɗu, su ɗaura ta a turke ɗaya a tsakiya, su koya musu yadda ake zagawa da ita.